Yadda Za Ka Shigar da Na'ura Ajin Firamare Ba Tare da Ta Ƙwace Maka Darasi Ba

Ranar da aka fara kawo kwamfutocin hannu ajina, darasin minti 40 ne, na yi asarar 25 daga ciki. Rabon kaɗai ya ci minti goma. Uku babu caji, ɗaya ta tsaya tana neman kalmar sirrin da babu wanda ya sani, yara biyu suka kama ɗaya suna ja-in-ja har ta kusa shan ƙasa, wani kuma tun ban buɗe baki ba ya gano kyamara ya shiga ɗaukar hancin abokin zamansa. Da aka kaɗa ƙararrawa na tambayi kaina abin da suka koya. Sun koyi inda kyamara take.

Sai da na jima kafin in yarda cewa laifin nawa ne. Baƙo na kawo aji ban tanadar masa wurin zama ba, shi kuwa ya zauna inda ya ga dama. Abin ya taɓa faruwa da ƙasa guda ma. A 2005 aka ƙaddamar da shirin One Laptop per Child, wanda burinsa kowane yaro ya mallaki 'yar ƙaramar kwamfuta. Ƙasar Peru ta rungumi shirin, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci a makarantun firamare. Da masu bincike na IDB, bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka, suka fitar da nazarinsu a 2012, sai aka ga yaran sun iya sarrafa kwamfutar sosai, amma makinsu a lissafi da harshe yana nan inda yake. Rahoton ilimi na UNESCO na 2023 ma nan ya karkata: a sa fasaha inda take taimakon koyo, kada kuma ta maye gurbin malami.

Ga tsarin da na bi daga baya, tun daga shirin da ake yi kafin yaro ya taɓa na'ura har zuwa kulle kabad bayan tashi. Da "ka" zan yi magana don sauƙi, amma Malama, har da ke nake yi.

Mataki na 1: Ƙirga abin da ke hannunka

Adadin da ke rubuce a takardar ofis daban, adadin masu aiki daban. Zauna da kayan ɗaya bayan ɗaya. Cika wa kowace caji, kunna mata bidiyo, ka ga yadda batirin ke sauka. Wadda ba ta iya awa guda ka ware ta gefe, don ita ce za ta mutu a hannun yaro ana tsakiyar aiki. Duba soket nawa ne ke kawo wuta, caja nawa ce mai kyau. Idan akwai intanet, zagaya kusurwoyin ajin da waya a hannu. Sau da yawa za ka tarar yana da ƙarfi a bakin ƙofa, a bencin baya kuwa babu labari.

Sai ka manna wa kowace na'ura babbar lamba a bayanta, ka sa irin lambar a jikin cajarta da gurbin da za a riƙa ajiye ta. Rubuta sunayen yaran da ke amfani da kowace lamba a takarda ɗaya, ka liƙa a ƙofar kabad. 'Yar takardar nan tana kashe rigima biyu da za su dame ka kullum: "Malam, ni na riga ɗauka" da "Malam, haka na same ta."

Mataki na 2: Gyara na'urar kafin ta shiga hannun yaro

Abin da ba ka so yaro ya buɗe, kada ka ajiye masa a gabansa sannan ka ce kar ya taɓa. Goge wasanni da manhajojin da ba na darasi ba, ko ka ɓoye su. Kashe sanarwar nan da ke faɗowa daga sama. Bar manhajoji uku ko huɗu a fuskar farko, a jere iri ɗaya a kowace na'ura, yadda in ka ce "ta biyu daga hagu" kowa abu ɗaya zai gani. iPad tana da tsarin Guided Access, wanda ke tsare yaro cikin manhaja ɗaya har sai an sa lambar sirri. Na'urorin Android ma suna da irinsa, inda ake kafe manhaja ɗaya a fuska. Koyonsa bai fi minti biyar ba, amma zai hutar da maƙogwaronka zango guda. Idan za a shiga intanet, kunna SafeSearch na Google, sai dai ka sani rariya ce kawai, wani abin yana iya zurarewa.

Kada ka shiga da asusunka a na'urar da yara ke riƙewa, in ba haka ba saƙonninka da hotunan iyalinka za su biyo ka har aji. Sabunta manhajoji kuma a ware masa rana ɗaya a mako, bayan an tashi.

Sai babban aikin, wato sauke kayan darasi tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ko inda intanet ke da ƙarfi ba na dogara da shi a tsakiyar darasi, domin bidiyon da ya tsaya yana juyi na daƙiƙa 30 ya isa ya watsa hankalin aji duka. Akwai kayan da aka ƙera musamman don su yi aiki babu intanet. Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, ana ɗora ta a kwamfuta ɗaya, ko da 'yar mitsitsiyar nan ce Raspberry Pi, sauran na'urori su riƙa ɗibar darussa daga gare ta ta wayifai na cikin aji, malami kuma yana ganin inda kowane yaro ya tsaya. Kiwix tana ajiye maka Wikipedia, ko wani sashe nata, a cikin na'ura. Wajen littattafan karatu masu hotuna, StoryWeaver da African Storybook suna da labarai a harsuna da dama, har da Hausa, ana saukewa, ana kuma iya bugawa a takarda. Idan yara za su yi rubutun Hausa, sa musu madannai masu ƙ da ɗ da ɓ, irin na Gboard. In ka ƙyale, za su saba da rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", kai kuma ka dawo kana bin su da jan biro.

Mataki na 3: Makon horo, na'ura a kashe

Wannan matakin malamai suka fi tsallakewa, don yara suna ɗoki, shugaban makaranta yana son ya leƙo ya ga ana aiki da kayan, kai ma kana son ka gwada. Ka daure. Minti goma kullum na kwana biyar, shi ne zai fanso maka awoyi a sauran shekarar.

Ranar farko ba a fito da na'ura ba ma. Littafin rubutu ne zai tsaya a madadinta. Nuna musu yadda ake ɗauka: hannu biyu, a rungume a ƙirji, a taka ba gudu. A ajiye a tsakiyar tebur, fuskarta na kallon ƙasa, gorar ruwa ta koma ƙarƙashin benci. Sa yaro ɗaya ya yi daidai, wani ya yi ba daidai ba da gangan, aji su faɗi inda ya kuskure. Za su yi dariya, kuma ba za su manta ba.

Rana ta biyu a fito da na'urorin, amma a kashe. Rabo kawai za a gwada. Kada aji duka ya taso kan kabad. Kowane layi yana da mai ɗauko masa, kai kana tsaye a bakin kabad kana kiran lamba. Duba agogo, ka rubuta lokacin da aka ɗauka a kusurwar allo. A mayar, a sake. Yara suna son su karya lokacinsu na jiya fiye da yadda suke son yabonka, don haka bar lambar a allon. Abin da ake nema shi ne rabo ya ƙare cikin minti biyu, tattarawa ma haka.

Rana ta uku ta alamar tsayawa ce, kuma ita ce ƙashin bayan komai. Kana buƙatar kalma ɗaya da in ka faɗa, hannaye za su bar na'ura. Ni nakan ce, "Fuska ƙasa!" su kife na'urar su amsa, "Ido sama!" Sirrinta ɗaya ne: kada ka fara magana sai ta ƙarshe ta kifu. Ko da yaro ɗaya ne ya rage, tsaya ka dube shi shiru. Ranar da ka ci gaba da bayani alhali fuska uku na haske, ranar ka koya wa ajin cewa alamar ado ce. Babu malamin da muryarsa ke iya gasa da abu mai motsi da launi a gaban yaro ɗan shekara takwas, saboda haka kada ka shiga gasar.

Rana ta huɗu a kunna. A koyi buɗe manhaja, rufe ta, rage sauti. Sannan ka ba su minti biyar su taɓa duk abin da suke so a ciki, har kyamarar. Wasu malaman ba sa yarda da wannan, ni kuwa na ga ƙwaɗayin da ba a kashe yau ba, gobe a tsakiyar lissafi zai taso. Rana ta biyar a haɗa duka daga farko zuwa ƙarshe.

Dokoki kada su wuce uku, a rubuta su da abin da za a yi: hannu biyu, manhajar da aka ce, fuska ƙasa in Malam na magana. Wanda ya karya, a karɓi na'urar na wannan aikin kaɗai, a ba shi aikin a takarda, gobe ya dawo kamar kowa. Hana yaro na'ura mako guda hana shi darasi ne, kuma ranar da ya dawo shi ne zai fi kowa rikita ka da tambaya.

A makon nan za ka gane yara biyu ko uku masu saurin kama abin. Naɗa su injiniyoyin aji, da sharaɗi ɗaya: da baki suke taimako, hannunsu a baya. In suka karɓi na'urar suka gyara, mai ita bai koyi komai ba. A riƙa sauya su duk wata, a tabbatar akwai mata a ciki. Tsarin neman taimako kuwa, maƙwabci tukuna, sai injiniya, sannan Malam.

Wurin tsayuwarka ma ya sauya. Idan ana aiki da na'ura, daga gaban aji bayan na'urorin kawai kake gani. Koma baya, inda fuskar kowace na'ura ke gabanka.

Mataki na 4: Rubuta darasin, sannan ka nemo wa na'ura gurbi

Fara da jimla ɗaya: in an tashi, me yaro zai iya wanda bai iya da safe ba? Bayan ka rubuta ta, sai ka tambayi kanka me na'ura za ta yi a nan wanda alli da allo ba za su yi ba. In ba ka sami amsa ba, bar ta a kabad, babu abin kunya. Inda na ga tana cin kuɗinta shi ne nuna abin da ba a iya kawowa aji, kamar bugun zuciya ko fuskar wata; atisayen da ke faɗa wa yaro nan take ya yi daidai ko ya kuskure; jin karatu da naɗar murya; da ƙirƙirar abu. Kwafar rubutu daga fuskar na'ura zuwa littafi kuwa, wannan allo ya fi ta iyawa.

Ga misalin darasin kimiyya na aji huɗu, kan yadda iri ke tsirowa.

Minti biyar na farko babu na'ura. Tambayoyi uku daga darasin jiya, kowa ya amsa a littafinsa ba tare da ya duba baya ba. Tuno abu da ka yana kafa shi fiye da sake karanta shi, kuma wannan minti biyar ɗin tana kwantar da ajin da ya shigo da hayaniyar waje.

Minti biyar na biyu, ɗaga ƙwayar iri a hannunka ka tambaya: in an shuka, me ke fara fitowa, saiwa ko ganye? Kowa ya rubuta hasashensa, sannan a ƙirga hannu. Yawanci ganye zai yi rinjaye, don shi suke gani. Yanzu kowane yaro yana da abin da yake jiran ya gani a bidiyon, ba kallon banza zai yi ba.

Sai bidiyon minti biyu da aka ɗauki tsirowar iri aka gaggauta ta. A kalle shi sau uku. Na farko shiru, daga farko har ƙarshe. Na biyu ka tsayar da shi sau biyu ko uku ka yi tambaya: me ya fasa ɓawon? Don me saiwar ta nufi ƙasa? A nan ka riƙe bakinka. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna ta ga malamai ba sa jiran fiye da kusan daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ba su saba magana ba su fara sa baki. Ƙirga uku a zuci. Za ka ji kamar shekara ce. Kallo na uku a kashe sauti, yaro ɗaya ya yi bayani da bakinsa.

Daga nan fuska ƙasa. Minti goma sha biyu, biyu-biyu, su zana matakai huɗu na tsirowar su sa wa kowane sashe suna. Minti shida a sa iri a kan jiƙaƙƙiyar auduga cikin kofi mai garai-garai, a ajiye a taga, a ba na'ura mai lamba ɗaya aikin ɗaukar hotonsa kowace safiya daga wuri ɗaya. Cikin kwana goma ajin zai mallaki bidiyonsa na kansa. Minti biyu na ƙarshe, tambaya ɗaya a guntun takarda, a miƙa maka: me ke fara fitowa, kuma don me? Abin da ke cikin takardun shi zai faɗa maka inda za ka fara gobe.

Cikin minti 40, na'ura ta yi aikin minti goma. A ganina awon da ya dace ke nan a yawancin darussa.

Mataki na 5: In na'urorin ba su isa kowa ba

Yawancin azuzuwa haka suke, kuma ba lallai ya zama naƙasu ba. Ɗauki aji mai yara 36 da na'ura 6. Raba su rukuni uku, 12 kowanne. Rukuni ɗaya yana kan na'ura, biyu-biyu, suna atisayen lissafi ko karatu. Na biyu yana aikin littafi da kansa. Na uku yana zagaye da kai. Minti uku na bayani, minti 11 a kowane aiki, minti ɗaya tsakani na rukunoni su canja wuri, minti biyu na tattarawa, ka ga 40 ta cika.

Wani abu da ban gane ba sai daga baya: ribar tsarin nan ba a teburin na'ura take ba, a teburinka take. Na'urar ta riƙe maka yara 12 cikin aiki mai amfani, ka sami damar zama da wasu 12 ka ji karatun kowa da kunnenka. Yaron da ya yi wata uku yana motsa baki cikin taron masu karatu da ƙarfi, a nan asirinsa ke tonuwa, a nan kuma ake taimakonsa.

Biyu a kan na'ura ɗaya sai an raba musu aiki, in ba haka ba mai ƙarfi ya riƙe, ɗayan ya zama ɗan kallo. Ɗaya mai hannu ne, shi ke taɓawa. Ɗaya mai baki ne, shi ke faɗin abin da za a taɓa. Mai hannu ba ya danna amsa sai mai baki ya faɗa. In lokaci ya kai rabi ka tafa, su yi musanya. Sa ido a kan yara masu kunya, su ne ke sakin nasu rabon ba tare da sun kawo ƙara ba. Aikin rukunin littafi kuma ya zama wanda suka riga suka iya, don sabon abu zai sa su yi ta zuwa teburinka. In ajin ya kai 70 ko fiye, raba zagayen kan kwana biyu. Kada dai a tara fiye da uku a kan na'ura ɗaya.

Mataki na 6: In wayarka ce kaɗai

Da babu gara ba daɗi, kuma waya ɗaya tana aiki fiye da yadda ake zato. Haɗa ta da 'yar lasifika, aji duka ya saurari labari ko furucin kalmomi. Naɗi karatun yaro na minti ɗaya a farkon zango, ka sake a ƙarshe, ka kunna masa duka biyun ya ji kansa. In akwai majigi, ɗauki hoton aikin wani yaro, ka rufe sunan, a haska a bango a gyara tare. Manhajar Plickers kuwa katunan takarda ake buga wa yara, kowa ya juya nasa zuwa amsar da ya zaɓa, ka haska ajin da kyamarar wayarka ta tattara maka amsoshin, sai dai shirya ta yana buƙatar intanet.

Mataki na 7: Bar su su ƙera wani abu

Yaron da kullum danna amsa yake yi, na'urar ce ke juya shi. Ware lokaci ɗaya a mako da shi zai juya ta. A fara babu kwamfuta: yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, sauran su rubuta masa umarnin da zai kai shi daga ƙofa zuwa allo, taku uku gaba, juya dama, taku biyu. Mutum-mutumi ba ya tunani, abin da aka rubuta kawai yake bi, ko da zai yi karo da benci. In ya yi karon, a koma a nemo layin da aka kuskure. Wannan neman kuskuren shi ne rabin aikin masu rubuta manhaja.

Daga nan a koma Scratch, wadda jami'ar MIT ta fitar a 2007 don yara daga shekara 8 zuwa 16, inda ake jera umarni kamar tubali ba tare da rubuta dogayen kalmomi ba. 'Yan shekara 5 zuwa 7 suna da ScratchJr. Aikin farko ya zama ƙarami: dabba ta taka zuwa tsakiya, ta yi gaisuwa, ta koma.

Mataki na 8: Ido, kunne da hannu

Duk minti 20 na kallon fuskar na'ura, a ɗaga kai a dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Taga ta isa. Sautin abin sawa a kunne kada ya kai yadda na kusa zai ji. A aji ɗaya da biyu ni ba na wuce minti 15 a zama ɗaya, kuma ba na barin madannai su ci lokacin fensir, don hannun da ke koyon siffar harafi sai ya zana shi. Masu ajin reno su tuna shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019: 'yan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon na'ura ya wuce awa ɗaya a yini, gida da makaranta a haɗe. Lokacin fita tara kuwa na gudu da tsalle ne, na'ura tana kabad.

Wayar da yaro ya zo da ita daga gida wata magana ce daban. Faransa ta hana ta a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Ka bi dokar makarantarku, amma kada ka gina darasi a kanta.

Mataki na 9: Tsaron yara da maganar iyaye

Koya musu doka ɗaya ka yi ta maimaitawa: in ka ga abin da ya ɗaga maka hankali, kife na'urar, ɗaga hannu. Ka kuma cika alkawarin cewa wanda ya faɗa ba za a yi masa faɗa ba. Yaron da aka tsawata wa sau ɗaya don ya kawo rahoto, daga ranar ɓoyewa zai yi. Su san cikakken suna, adireshi, sunan makaranta da kalmar sirri ba a ba kowa a intanet. Facebook da Instagram da TikTok duk shekara 13 suka gindaya, don haka ba su da gurbi a aikin firamare.

Kai ma akwai naka. Kada ka wallafa hoton yaro sai da izinin iyayensa a rubuce. Zauren WhatsApp na iyaye wurin sanarwa ne. Makin yaro ko laifinsa a faɗa wa iyayensa su kaɗai. A farkon zango aika musu 'yar takarda mai faɗin manhajojin da ake amfani da su, minti nawa a rana, da abin da ake koyo da su, don uban da ya ji ɗansa na cewa "yau wasa muka yi a kwamfuta" yana da haƙƙin ya damu. Jinga kuma kada ta zama wadda sai da intanet, domin ba kowane gida ke da shi ba, kuma yaron da ba shi da shi ba zai faɗa maka ba, sai dai ya ce ya manta.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya rage maka wahalar tsara tambayoyi, amma suna kuskure da cikakkiyar gadara. Warware kowace tambaya da kanka kafin ta isa gaban yara, kuma kada ka zuba sunayensu ko makinsu a ciki.

Mataki na 10: Ranar da abin ya ƙi, da bayan tashi

Zai ƙi. Wuta za ta ɗauke, majigi ya ƙi haɗuwa, manhaja ta daskare. Ka ba kanka minti biyu. In ba ta gyaru ba, rufe ka ce, "A fito da littafi," kamar dama haka aka tsara. Don haka a ƙasan kowane tsarin darasi ka rubuta layi ɗaya na abin da za a yi in babu na'ura. Malamin da ya sunkuya minti goma yana fama da waya, in ya ɗago ba zai tarar da ajin da ya bari ba.

Saura minti biyar a tashi a tattara. A ƙirga da ƙarfi, lamba bayan lamba, babu mai fita sai gurabe sun cika. A goge fuskoki da busasshen ƙyalle mai laushi, a jona caji a wuri mai iska inda rana ba ta duka, don zafi ne ke saurin kashe batir. Ajiye ƙaramin littafi a kabad: kwanan wata, lamba, abin da ya same ta. Da shi za ka je ofis neman gyara, ba da "wasu sun lalace" ba.

A ƙarshen zango ka ɗauko guntayen takardun amsoshin nan da naɗin karatun yara, ka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Wace ce ka ga alamarta a aikinsu na takarda? Wadda yara ke so amma ba ka ga sawunta a littafi ba, cire ta. A zangona na biyu da manhajoji bakwai na shiga, da biyu na fita, ta atisayen lissafi da ta littattafan karatu. Sai kyamarar nan, wadda yanzu aikinta ɗaukar hoton kofin da ke kan taga kowace safiya kafin a kira rajista.